Wallahi Sai Na Mayar da Shi

A ƙauyenmu da ke gefen hanyar Makoda, kowa ya san abu biyu game da Abdulrauf Mai Bidiyo: hannunsa na da kyau a kan na'ura, kuma ba ya barin na'ura yadda ya same ta. Tun yana tsaron injin niƙan mahaifinsa ya ƙara wa injin wuta don a sallami mata da wuri, bel biyu ya tsinke a wata ɗaya, ya ce bel ɗin ne na banza. Da ya sayi babur, kwana uku ya yi ya kwance kafireto. Har fankar masallaci ya taɓa saukewa, wai tana kasala.

Yanzu shekararsa talatin da bakwai. Da damina yana gonarsa ta gero da gyaɗa, da rani kuma yana shagonsa, ɗaki guda a jikin gida, inda yake haɗa bidiyon suna da walima. Sola ce ke ba shi wuta, kuma a jikinta firizar matarsa Raudatu take, wadda ke sayar da ƙanƙara da zoɓo. Mutum ne mai kyauta, mai zuwa gaisuwa da dubiya, amma idan ransa ya ɓaci har bakin rijiya ana jin muryarsa.

Tsohuwar kwamfutarsa takan yi wuni guda kafin ta fitar da bidiyo ɗaya. Shi ya sa Zaharaddini, yayan Raudatu, mai sayar da kayan kwamfuta a Kano, ya aiko masa da katin girafik. Wani allo ne mai fanka biyu da ake dasawa a cikin kwamfuta, shi ke ɗaukar nauyin aikin hoto. Na hannu ne, amma mai tsabta. Zaharaddini ya ce masa a waya, "Ka gwada shi kwana bakwai. In ka ga wani aibi, ka dawo mini da shi, babu komai tsakaninmu."

Kwana biyu katin ya yi aiki lafiya lau. Abin da ke cin wuni ya koma awa biyu. A rana ta uku Abdulrauf ya ga wani a intanet yana nuna yadda ake buɗe wata manhaja a ja maɓalli, a ƙara wa kati gudu fiye da yadda masu ƙera shi suka saita. Ya sauke manhajar, ya ja maɓallin kaɗan, ya ga ba abin da ya faru, sai ya ƙara ja. Bai gaya wa kowa ba. A wurinsa wannan ba taɓawa ba ce, gyara ne.

A makon nan yana da aikin da ba ya son kunya a kansa: bidiyon saukar Alƙur'ani ta Islamiyyar gari. Malam Hadi, shugaban makarantar, ya yi wa iyayen yara alkawarin za a nuna musu ranar Juma'a. Ranar Talata da hantsi Abdulrauf ya sa aikin a kan hanya. Minti ashirin, sai ga koren ɗige-ɗige ya feso a fuskar wata yarinya tana tsakiyar karatu. Fanka ta ɗauki kuka, allon kallo ya yi baƙi, kwamfuta ta mutu ta tashi. Ya sake. Ta sake mutuwa, wannan karon a kan jawabin Malam Hadi, gemunsa ya koma kore.

Bayan La'asar ya fito majalisa ƙarƙashin darbejiya yana huci.

"Ku gani fa! Surukina, yayan matata, shi zai kwaso mini mushe ya ce kaya ne! Don yana ganin mu 'yan ƙauye ne, ba mu san komai ba!"

Ja'afaru mai shayi ya ce, "A yi haƙuri, a bincika tukuna."

"Binciken me? Wallahi tallahi sai na mayar da shi! Ranar Alhamis zan shiga mota, in dire masa a kan teburinsa gaban abokan cinikinsa!"

A nan take ya danna waya ya tura wa Zaharaddini saƙon murya mai tsawo, wanda a ciki har da kalmar ha'inci.

Duk da haka aikin Malam Hadi na jiransa, don haka ranar Laraba ya duƙufa. Ya cire katin ya hure ƙura ya mayar. Ya goge direban katin, wato manhajar da ke tafiyar da shi, ya sake saka sabo. Ya canza wayar wuta. Ya buɗe murfin kwamfutar ya kafa mata fankar tsaye. Kowane karo sai ta yi minti ashirin ko talatin ta faɗi. Maɓallin da ya ja kuwa ko kallonsa bai yi ba, don mutumin nan na intanet ya ce ba ya cutarwa.

Can ya ji firiza ta tashi daidai lokacin da allo ya ɗauke. Ya miƙe ya shiga gida ya zare ta daga wuta. Raudatu tana gidan suna, ba ta dawo ba sai bayan Azahar. Ta tarar ƙanƙara ta zama ruwa, zoɓo ya fara tsami. Ta leƙo ƙofar shago da bokiti a hannu.

"Baban Tahira, wa ya kashe mini firiza?"

"Ni ne. Ita ke janye mini wuta."

"To da ka kashe ta, ya gyaru?"

Ya juya ga kwamfutar, wadda sau biyu ta faɗi bayan nan.

"Bai gyaru ba ke nan. Ka zagi yayana a waya, matarsa ta kira ni tana kuka, yanzu kuma ka narkar mini da sana'a. Ni dai tambaya ɗaya zan yi maka. Me ka taɓa?"

"Ban taɓa komai ba! Ke me kika sani a kwamfuta?"

"Ban san kwamfuta ba, amma na san mijina. Shekara goma sha biyu ina gidan nan. Dutsen gugana ma ka taɓa shi, ya ƙone mini atamfa. Me ka taɓa?"

"Ɗan gudu kawai na ƙara masa. Kowa na yi."

Raudatu ta ajiye bokitin. "To mayar da shi yadda Yaya ya ba ka. Ni kuma zan kunna firizata."

Don ya ƙaryata ta kawai ya buɗe manhajar, ya danna wurin da ke mayar da komai saitinsa na asali. Ya sa aikin, ya harɗe hannu yana jiran faɗuwa. Minti ashirin ya wuce. Firiza ta tashi, ta kwanta, ta sake tashi. Awa biyu cif bidiyon ya fita, fuskokin yara tas, gemun Malam Hadi fari kamar yadda Allah ya yi shi. Ya sake gwadawa da wani aikin, nan ma lafiya.

Ya gaya mini daga baya cewa bai taɓa jin haushin na'ura irin na ranar ba. Da ta lalace da ya fi masa sauƙi. Yanzu ga kati lafiyayye, ga rantsuwa gaban mutum takwas. In ya kai shi Kano, sai ya yi wa surukinsa ƙarya ya ɓoye abin da ya yi. In bai kai ba, ya karya rantsuwa.

Da safiyar Alhamis ya tafi wurin Malam Hadi da bidiyon a filash, da wata dabara da ya zo da ita.

"Allah gafarta Malam, cewa na yi wallahi sai na mayar da shi. To ai na mayar da shi. Na mayar da shi saitinsa na asali. Rantsuwa ta cika ko?"

Malam Hadi ya dube shi ta saman tabarau. "Lokacin da kake rantsuwar, ina ka nufa a zuciyarka?"

"Malam, kalmar dai ɗaya ce."

"Ja'afaru ya ce har tebur ka ambata. Akwai tebur a cikin saitin?"

Abdulrauf ya sunkuyar da kai yana ƙunƙuni.

"Rantsuwa tana bin niyya, Abdulrauf. Kuma wanda ya rantse zai yi abu, sannan ya ga barinsa ya fi alheri, sai ya bari ya yi kaffara. Ka ciyar da miskinai goma."

"In yi azumi uku mana, ba wanda zai sani."

"Azumi na wanda ba shi da hali ne. Rumbunka cike yake da gero, na gani da idona. Sannan kaffara tsakaninka da Allah ce. Haƙƙin Zaharaddini daban, wannan sai ka kira shi."

Ya kira shi a tsakar gida, Raudatu na tankaɗe tana saurare.

"Yaya Zaharaddini, ina wuni. Maganar katin nan... lafiyarsa ƙalau. Ni ne na ƙara masa gudu. Abin da na faɗa, a yafe mini."

Zaharaddini ya ce, "Tun da na ji saƙonka na san ka taɓa shi. Amma kalmar ha'incin nan ta yi mini zafi, Abdulrauf. A majalisa ka faɗa, a majalisa nake so ka janye."

Haka aka yi. Bayan La'asar ya tsaya ƙarƙashin darbejiya, fuska a murtuke, ya ce katin lafiyayye ne, surukinsa mutumin kirki ne, laifin nasa ne, kuma duk wanda ya yi dariya su haɗu. Ba wanda ya yi, sai Ja'afaru da ya juya baya yana ta fifita wutar shayin da ba ta mutu ba.

Ranar Juma'a da safe Abdulrauf ya buɗe rumbu ya auni geron gida goma, ya ɗora a babur ya rarraba da kansa, yana faɗa da ramukan hanya. Da yamma iyayen yara suka kalli saukar 'ya'yansu a harabar Islamiyya. Katin yana nan a kwamfutarsa har yau, a saitin da ya zo da shi. Manhajar ƙara gudun kuwa Raudatu ta tsaya a kansa sai da ya goge ta, sannan ta ɗauke bokitinta daga ƙofar shago.