Bayan Baba Mai Faci Ya Daina Faɗin Ruwa

Shekara talatin Baba Mai Faci yana sunkuye kan taya a bakin titi, amma ba faci ne ya yi masa suna ba. Ciwon bayansa ne. In ya tsaya a ƙugu, gari lafiya. In ya gangara ƙafar hagu har babban yatsa, to ruwa na tafe, a kwashe shanya.

Kowace safiya birkila da mai wanki sukan biyo ta rumfarsa.

"Baba, ya bayan?"

Sai ya dafa ƙugu, ya lumshe ido. "Kada ka kwaɓa siminti yau."

Ranar da ƙafar ta ƙi ɗaukarsa, babbar 'yarsa ta kai shi asibiti. Likita ya ɗaga hoton bayan ya nuna masa: faifan da ke tsakanin ƙasusuwa ne ya ɓullo, ya danne jijiya.

"Kamar tif ya leƙo ta gefen taya ke nan," in ji Baba.

"Haka. Za mu yi 'yar tsaga, mu leƙa da madubin ƙara girma, mu tsinke abin da ya leƙo."

Washegarin aikin ya taka da ƙafarsa. Bayan wata biyu ya koma rumfa, a miƙe kamar sabon soja. Mutane suka yi masa barka sama-sama, sannan mai wanki ya matso.

"To Baba, yau fa?"

Baba ya saurari bayansa. Shiru. Ya dai dafa ƙugu don sabo. "Shanya abinka."

Kafin azahar aka tsuge da ruwa, zannuwan otal arba'in na kan igiya.

"Baba, wallahi sun lalata ka!" in ji mai wanki.

"Warkar da ni aka yi, ɗan nan."

"To mu wa ya tambaye mu?"

Cikin mako guda layin masu tambayar ruwa ya koma ƙofar mai gadin makaranta, wanda gwiwarsa ke kumbura in hadari ya haɗu. Baba yana zaune yana kallo, ba mai ce masa ko sannu.

Da yamma ya taka har can, ya zauna kan bencin mai gadi, ya dubi gwiwar da tausayi.

"Haba ɗan'uwa, ka zauna da wannan azaba? Kawo wayarka in sa maka lambar likitana."