Rijiyoyin da Ake Yi wa Wanka

Cikin shekarun da na yi ina aikin gwajin ruwa a Garwa, akwai wata ranar Talata da har gobe ba ta fita raina, don ita ce ranar da na gane ladabina ya kusa cinye wa wata yarinya karatunta. Ku da kuka shigo aikin nan yanzu kuna ganina da furfura, kuna zaton Baba Sale bai taɓa yin kwaɓa ba. To ku gyara zama.

A lokacin ni teknisiyan ne, ƙaramin ma'aikaci a labo, wato ɗakin gwaji na ma'aikatarmu. Sama da ni akwai shef, shugaban wurin, ƙasa da ni babu kowa sai kwalabe. Shekarun da aka karya darajar kuɗinmu sefa ne, komai ya yi wuya, mota ɗaya ta rage mana mai tafiya, ita ma sai an tura. Aikina shi ne in ɗebo ruwa a kwalbar da aka dafa, in sa ta cikin akwatin ƙanƙara, in dawo da ita labo kafin awa shida. A can mu tace ruwan, mu ɗora matatar a kan wani ɗan faranti, mu ajiye a ɗumi ya kwana. Idan akwai ƙwayoyin cuta, washegari za ka ga ɗige-ɗige sun fito, sai ka ƙirga. Idan faranti ya wayi gari fes, ruwan lafiya lau yake.

A farkon damina shef ya kira ni ofis, ya nuna mini wata budurwa siririya mai tabarau, ta rungume wata ƙatuwar jaka kamar za a ƙwace mata.

"Malam Sale, ga Hajara. Injiniyar muhalli ce, daga jami'a a Yawunde. Za ta yi bincikenta a wurinmu. Ka zama ƙafarta."

'Yar Garwa ce, na ma san mahaifinta, Alhaji mai shagon atamfa a babbar kasuwa, wanda kakansa ya zo daga Kano da fatauci ya zauna. Ta gama injiniya, yanzu tana neman digirin gaba, wanda sai da shi ake shiga karatun dakta. Ba a ba da shi sai ka yi bincike, ka rubuta littafi, ka tsaya gaban malamai ka kare shi. Abin da take so ta gano shi ne dalilin da ya sa duk damina gudawa ke kwantar da yara a wani ƙauyen manoman auduga bayan Pitowa. Zatonta ruwan sama ne ke kwaso ƙazanta ya zuba a rijiyoyin ƙauyen guda uku. Alhaji ya ba ta shekara biyu, ya ce ko wata ɗaya ba zai ƙara ba. Ta farkon ta tafi a aji. Daminar nan ita kaɗai ta rage mata.

Nan da nan jininmu ya haɗu. Tana ce mini Baba, ina ce mata Injiniya. Ba ta iya tura mota ba amma ba ta taɓa zama a ciki ta bar ni ina turawa, kuma ita ce ta fara yi mini bayanin dalilin abubuwan da na shekara goma sha wani abu ina yi da hannuna ba tare da na san dalilinsu ba. Na so yarinyar nan kamar ni na haife ta.

Ni kuwa ina da wata ɗabi'a da nake alfahari da ita. Ba na shiga garin mutane kwatsam. Duk makon da za mu fita, ran Lahadi, ranar kasuwar Pitowa, sai in ba wani direban taksi saƙo ya kai wa Jauro, mai garin: Laraba muna tafe. Ban taɓa gaya wa Hajara ba, don a wurina ba abin faɗi ba ne, kamar a ce mutum ya sanar cewa ya yi sallama. In mun isa, Jauro Hamadu ya tarbe mu da "jabbama, jabbama", wato maraba da Fillanci, a shimfiɗa tabarma, a kawo kindirmo. Bakin rijiyoyin a share tas, babu ko kashin akuya. Har nakan ce wa Hajara, "Kin ga mutane masu tsabta?"

Fita ta farko, faranti fes. Ta biyu, fes. Duk bayan mako biyu muke zuwa, sau biyar muka je, ko ɗigo ɗaya bai fito ba. Hajara ta fara zargin kanta. Ta sake dafa kwalabe, ta sake haɗa komai, har ta ɗebo ruwan kwatar bayan labo don ta ga ko farantan na aiki. Washegari farantin kwata ya cika da ɗige-ɗige. Ta rame, tabarau ya fara zamewa daga hancinta. Sai ga wasiƙar malaminta daga Yawunde: idan damina ta wuce babu sakamako, sai ta sake sabon batu. Sabon batu kuwa sabuwar shekara ce, ita kuma ba ta da ita.

Na ce bari in lallashe ta. "Injiniya, ai abin murna ne, ruwan mutane yana da kyau."

Ta dube ni, idonta ya yi ja. "To Baba, me yake kashe yaran?"



Mako na gaba na aika saƙo kamar kullum. Ran Litinin shef ya ce yana bukatar motar ran Laraba, ya gyara mana takardar izinin fita, ya mai da ita Talata. Raina ya ɗan ɓaci, don za mu faɗa wa mutane babu shiri. Muka tafi da hantsi.

Tun daga nesa muka hango taro a babbar rijiya. Da muka matso, sai ga garin kaf a wurin. Maza biyu suna jan guga suna zubarwa, suna kwashe ganye da tarkace. Mata suna dirje bakin rijiyar da tsintsiya. An kora shanu can nesa. A tsakiya kuwa ga Marta, wata dattijuwa Kirista daga cikin mutanen dutse da suka sauko noma, ita ce uwar matan garin, tana tsaye da kwalba a hannu tana tuttula wani abu a ciki. Ƙamshin ya iso mu kafin mu sauka daga mota. Ruwan jabel ne, wanda ake wanke farin kaya da shi, wanda ba ya barin ƙwayar cuta ko ɗaya da rai.

Hajara ta sauka, ta yi taku uku, ta zauna a ƙasa daɓas cikin laka.

Marta ta rugo wurinmu da kunya, tana goge hannu a zane. "Kai, 'yata, kin zo da wuri! Ba mu gama ba. Saura biyu."

"Mama, tun yaushe kuke yin haka?"

"Tun zuwanki na fari mana. Baban nan yana aiko mana, Allah ya saka masa. Muna samun kwana biyu mu shirya. Wancan karon jabel ya ƙare, har kazata na kai kasuwa."

Hajara ta juyo ta kalle ni. Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Kwana ɗaya a buɗaɗɗiyar rijiya ya isa ƙamshin ya tafi, labo ɗinmu kuma ba shi da maganin gwada jabel a lokacin, kuma wa zai yi tunanin nemansa a rijiyar ƙauye? Wata biyu da rabi muna auna karamcin mutane muna rubutawa a takarda.

Aka koma ƙarƙashin bishiya gaban gidan Jauro. Hajara ta yi bayani a hankali. Ta ce ruwan da suke sha kullum take so, ba wanda aka yi wa wanka ba.

Marta ta girgiza kai. "A'a. Ki ɗauki dattinmu ki kai Yawunde, manya su buɗe su ce mutanen nan ƙazamai ne? Kuma ke baƙuwa ce. Ina aka taɓa ba baƙo ƙazamin ruwa?"

"Mama, in kin kai yaro asibiti, kina ɓoye wa likita abin da ke fita daga cikinsa?"

Marta ta ce jikokinta biyu aka kai asibitin Pitowa bara, ɗaya ne ya dawo.

Jauro Hamadu ne ya warware, da Hausarsa mai ɗanɗanon Fillanci. Ya ce, "Malam, ko na hana su, in sun ji ƙarar motarku za su yi. Ba za su iya ba. Matsalar ɗaya ce, yarinyar baƙuwa ce. Mu kuwa baƙunta kwana uku ce a wurinmu. In ta kwana uku a gidan Marta, ran na huɗu a ba ta guga ta tafi rijiya kamar kowa. Wa zai wanke rijiya don 'yar gida?"

Marta ta yarda, amma da sharaɗi: kada a rubuta sunan garinsu a littafin. Hajara ta yi mata alkawari a gaban Jauro.

Saura Alhaji. Na ce ni na jiƙa, ni zan sha. Na same shi a shago bayan la'asar, na durƙusa na zayyana masa komai, ban rage laifina ba. Ya ce, "Malam Sale, 'yata ta kwana a ƙauye, a gidan da ban sani ba, kuma ba gidan Musulmi ba?" Na ce, "Ranka ya daɗe, matar da ta sayar da kazarta don kada 'yarka ta taɓa ƙazamin ruwa, me kake tsoron ta yi mata?" Ya daɗe yana juya wata atamfa a hannu. Daga baya ya naɗe ta, ya ce a kai wa matar, kuma duk Juma'a in zo in ba shi labari.

Mako shida suka rage na ruwa. Hajara ta tare a gidan Marta, aka share mata ɗaki, aka ware mata buta da wurin salla. Ita tana tafasa nata ruwan sha, tana koya wa duk wadda ta leƙo. Ni kuma na bar motar, don ƙararta ta zama ƙararrawa, na koma hawa tsohon babur ɗina sau biyu a mako, in tsaya bakin hanya ta miƙo mini kwalabe. Farantin farko da na buɗe ya fito da ɗige-ɗige har ba sa ƙirguwa. Ban taɓa murnar ganin ƙazanta irin ta ranar ba, kuma ban taɓa jin tsoronta haka ba, don na san wa ke sha.

Zaman ya nuna mata abin da kwalba ba za ta nuna ba. Ta ga yadda ruwan sama ke gangarowa daga garken shanu ya bi ta gefen rijiya, ta ga igiyar guga tana kwana cikin laka, ta ga inda ake wanke tankunan feshin auduga. Kafin damina ta ɗauke ta sami abin da take nema har da ƙari. Da rani ita ta zana yadda za a ɗaga bakin rijiyoyin, a yi musu daɓen siminti da magudana, mutanen gari suka yi aikin da hannunsu.

Ranar kare littafi ban je Yawunde ba, ita ta ba ni labari. An yaba aikin. Amma wani babban malami ya tsaya kai da fata cewa bincike ba ya cika sai an faɗi sunan wurin, don wani ya iya zuwa ya tabbatar. A ƙa'idar aiki yana da gaskiya. Hajara ta ce za ta raka duk mai son zuwa da ƙafarta, amma ba za ta rubuta ba, ta yi alkawari. Aka ba ta digirinta, aka rage mata daraja ɗaya daga wadda ta cancanta. Ta shiga karatun dakta duk da haka, da ƙyar, a ƙarshen jeri.

Ni na kai wa mutanen ƙauyen labari. Marta ta yi guɗa da ta ji an ci, sannan na gaya mata zancen darajar. Ta tsaya cak.

"Saboda sunanmu aka rage mata?"

"Saboda shi."

"Kai, wannan yarinya! To koma ka ce su rubuta. Su rubuta da manyan baƙaƙe, har da nawa. Da can baƙuwa ce na ce haka. Yanzu ai 'yata ce, dattin gidansu ne."

Na ce mata an riga an rufe littafi. Ta zauna a kan turmi ta yi ta kuka, tana faɗa da Hajara da ba ta wurin.

Shi ya sa har na bar aiki ban daina aika wa mai gari saƙo ba, amma na daina faɗin rana, kuma duk rijiyar da na tsaya a kai sai na fara tambayar abin da aka yi mata jiya. Ku ma ku riƙe wannan. In kun ga sakamako ya yi kyau fiye da yadda yaran gari suke, kada ku yi saurin cewa na'ura ta lalace, kada kuma ku ce mutane sun yaudare ku. Mutanenmu ba sa ɓoye ciwonsu don mugunta, suna ɓoyewa ne don sun girmama ka. Ba za su nuna maka shi ba sai ranar da suka daina yi maka shimfiɗa.