Hannun hagun Sanusi

Shekara biyar ke nan da aka kawo mana gawar ƙanena Sanusi daga hanyar Shinkafi. Ya je kai katunan biki da ya buga wa wasu mutanen Galadi, 'yan bindiga suka tare motarsu a hanyar dawowa. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba. Duk wanda ke zaune tsakanin Ƙaura da Zurmi ya san ragowar labarin, wataƙila ma yana da nasa. Abin da nake son waiwaya yau ƙarami ne, har ina jin nauyin ambatonsa a jarida: maus ɗin kwamfutarsa, wanda 'yan boko ke kira linzami.

Sanusi bahago ne, kuma a gidanmu na Banga wannan ba abin wasa ba ne. Cin abinci da dama bai taɓa yin gardama a kai ba, har ya koma ga Allah. Amma Inna, mahaifiyarmu, ba ta tsaya ga tuwo ba. Ranar da ya fara ɗaukar alƙalami da hagu, ta yagi bakin tsohon zane ta ɗaure masa hannun a ƙugu. Ba mugunta ba ce, tsoro take yi kada wata rana ya miƙa wa babba abu da hagu a ce ba ta ba shi tarbiyya ba. Haka ya koyi rubutu da dama, rubutun da shi kansa sai ya ƙura ido kafin ya karanta. Malamai suka ɗauke shi daƙiƙi, mu kuma muka yi ta yi masa tsiya.

Kwamfuta ce ta kwance shi. Da ya buɗe shagon buga takardu a Ƙauran Namoda, na shiga wata rana na tarar maus na zaune a hagu, yana zana fure a gefen katin suna, layi siriri ba karkata. Na ce, "Kai, Inna ta gani?" Ya yi dariya ya ce, "Yaya, wanga abu kakanninmu ba su san shi ba, balle su ce ga hannun riƙonai." A cikin kwamfutar ya juya aikin madannan maus ɗin biyu, domin manuniyarsa ta hagu a kan na dama take sauka. Duk baƙon da ya zauna kujerarsa ya danna sai wani abu dabam ya buɗe, ya ɗago kai ya ce na'urar ta lalace. Sanusi na jin daɗin wannan fiye da kima.

Ba kowane maus yake yarda da shi ba. Maƙwabcinsa Bulus, mutumin kudancin Kaduna mai sayar da kayan kwamfuta, ya taɓa kawo masa wani babba kyauta bayan Kirsimeti, mai tudu a baya da ɗan rami inda babban yatsa ke kwanciya. "Oga Sanusi, wannan ko wuni ka yi kana aiki, wuyan hannunka ba zai yi ciwo ba." Sanusi ya ɗora hagunsa, ƙaramin yatsa ya faɗa ramin, babban ya rasa wurin zama. Ya ce, "Bulus, na gode, amma takalmin ƙafar dama ka kawo min." Ni aka ba, kuma gaskiyar Bulus ce, hannuna ya huta. Abin da aka sassaƙa don jin daɗin wani hannu, shi ne ke korar ɗayan. Marar waya kuma batir ya taɓa mutu masa tsakiyar aiki. Ƙananan nan na ado suna sa yatsu su ƙage. Ƙarshe ya tsaya ga wani baƙi mai waya, gefe da gefe daidai, wanda bai lallashi hannun kowa ba, bai kuma kori kowa ba.

Bayan rasuwarsa na karɓi shagon, don da shi ake ciyar da Inna da 'yarsa Habsi, wadda ya bari tana tatata. Uwarta ta yi aure a Zurmi, yarinyar na hannunmu. Ban mayar da maus dama ba, ban gyara madannan ba. Na koya wa haguna aikin da ƙyar, kibiya na gudu inda ban aike ta ba. Madannin dama ya goge, ya yi ɗan sheƙi daidai girman kan yatsa, wayar kuma ta fara sulluɓewa a wuya. Kullum da safe nan nake ɗora yatsana.

Bana kwamfutar ta mutu. Bulus ya duba ya ce ba ta tashi, ya haɗa ni da laftof. Ina yawan tunanin abin da Sanusi zai ce da ita, da wayoyin yanzu da ake shafawa. Wurin shafawar nan na laftof ba ya tambayar da wane hannu ka zo, na san wannan zai burge shi. Na kuma san zai yi tsaki, don ba a zana fure da shi, in hannu ya yi gumi ma sai ya ƙi ji. Na jona tsohon maus ɗinsa, na danna na dama yadda na saba, sai ya yi abin da maus ɗin kowa ke yi. Ashe juyin a cikin kwamfutar yake, ya tafi tare da ita. Na zauna na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Bulus ya leƙo ya gan ni, ya jawo laftof ɗin ya mayar da juyin, ya fita.

A makon ne Habsi ta fara ɗaukar fensir da hagu. Na dawo gida na tarar Inna ta riga ta yagi bakin zane. Na ce kada a ɗaure ta. Ta ce, "Ni na haife ku, ba ku za ku koya min renon ɗiya ba." Gardama da Inna ba ta taɓa kai ni ko'ina ba, sai na roƙe ta abu ɗaya, ta raka yarinyar shago kafin ta ɗaure. Tun rasuwar ba ta taɓa taka ƙofar ba.

Ta zo, tsummar na soke a ƙugunta. Na ɗora Habsi a kujera na buɗe mata wurin zane. Ba wanda ya ce mata komai, ta miƙa hagu, ɗan yatsanta ya sauka a kan sheƙin. Ta ja layi, ta ja wani, ta ce masallaci ne. Inna ta sunkuya ta duba wurin da ya goge.

"Wa ya cinye nan?"

"Yatsan Sanusi ne, Inna."

Ta shafa wurin da yatsanta. Kwanon rufin ɗakinta, maganin hawan jininta, hatsin shekarar da ba mu iya zuwa gona Banga ba, duk ta san daga shagon nan suka fito. Da wane hannu, shi ne ba ta taɓa sani ba.

"Ashe da hannun da na ɗaure ya ci da ni," ta ce.

Ta zaro tsummar. Habsi ta janye hannunta ta ɓoye a baya, don ta ji abin da ake shirin yi mata. Inna ta kama wayar maus daidai inda ta sulluɓe, ta naɗe ta a hankali, ta ƙulle. Sannan ta kamo hagun yarinyar ta mayar inda yake.

Katunan da Sanusi ya buga sun yage, kwamfutarsa ta mutu, maus ɗin ma na san ba zai daɗe ba. Kewarsa ba ta ragu ba, ƙarya ne in ce ta ragu. Abin da ya bari shi ne yarinya da za ta girma da hannunta a sake. Allah Ya jiƙan Sanusi, Ya ba shi littafinsa a hannun dama, wannan karon ba da ɗauri ba.