Shekarar da Na Hana Baba Binne

A bayan gidanmu, a wani ƙauye kusa da Ollelewa, akwai tudun rairayi. Nan kaɗai waya ke samun rezo, wato sabis. Shekarar da na gama lakwal, makarantar boko, a Damagaram na dawo gida, babu safiyar da ban hau shi ba. Ina son wurin. Daga can gonaki sukan yi kamar tabarmar da aka shimfiɗa ana jiran baƙo.

Mu ne kaɗai Kirista a ƙauyen. Ba mu da ɗakin sujada, sai inuwar aduwa a tsakar gida, inda Baba da Inna suke durƙusawa kowace safiya. Ni kuwa sau da yawa ina kan tudu ina duba abin da waya ta ce game da ruwa. Kafin in sauko sun ce amin.

Da damina ta ƙarato, maƙwabta suka fara binne, suna zuba hatsi a busasshiyar ƙasa ya jira ruwan fari. Baba ya sauko da sunguminsa.

Na ce, "Baba, a dakata. Waya ta ce sai bayan kwana goma. Ɓeraye da tsuntsaye za su cinye irin."

Irin kuwa shi ke nan gare mu. Ya dube ni, ya dubi gabas, ya mayar da sungumin. Ya ce, "To, ke kika yi karatu."

Kwana uku tsakani, da la'asar, hadari ya taso. Aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kowa na murna, ni ina tsaye a ƙofar ɗaki ina tunanin gonarmu da babu ko ƙwayar iri a cikinta. Rairayin yankinmu na Damargu ba ya riƙe danshi. Kwana biyu ne, in ya daɗe uku. Gonarmu babba, mu uku ne, ga gwiwar Baba da ciwo.

Baba ya shige ɗakinsa. Inna ce ta yi magana tana tankaɗe, ba ta ko ɗago kai ba.

"Mutanen da, kan tudu suke hawa su gaida gunkinsu. Nasu dai na itace ne, ba ya neman caji."

Na yi dariya, dariyar ta koma kuka. Laifin ba na wayar ba ne, hasashe ta yi, kuma hasashe yakan kuskure. Ni ce na ɗauki zuciyata sukutum na ɗora a kanta. Ita nake fara gaidawa da safe. Abin da ta faɗa shi ne kwanciyar hankalina, har na hana tsoho aikin da ya sani tun ba a haife ni ba.

Washegari na durƙusa tare da su a gindin aduwa. Ban iya haɗa kalmomi masu daɗi ba. Na ce, "Ubangiji, ka gafarta mini. Ga gonar."

Muna isa muka tarar da Baffa, maƙwabcinmu Musulmi, da mutanen gidansa, kowa da sungumi ko ƙwarya. Su sun gama binne, hannunsu a sake.

Ya ce, "'Yar lakwal, yau me akwatin naki ya ce?"

"Baffa, na bar shi gida."

"Madalla. Bi bayana. Hatsi ba ya jin Faransanci, diddige yake ji."

Yana saran rami, ina zuba iri ina rufewa da diddige. Matansa suna ta tsokanata, wai ina tafiya kamar mai tsoron taka ƙwai. Kafin faɗuwar rana ta biyu mun kai ƙarshen gona, ƙasa da sauran sanyinta.

Har yanzu ina hawa tudun, ina kuma duba wayar, amma sai na tashi daga gindin aduwa. Ranar da tsiron ya fito, daga can sama na fara hango shi, layi-layi, kore shar. Layukan da na zuba sun ɗan karkace. Na sauko a guje in gaya wa Baba.