Shirun da Baffa Ya Bari a Cikin Akwati

Jiya da hantsi ina tsakar gida ina tsince shinkafa, sai wani ƙaramin jirgin sama ya ratso ta saman unguwarmu, ƙasa-ƙasa, yana wannan gurnani nasa kamar injin niƙa ya gaji. Ban ɗaga kai ba, don idanun sun yi rauni, amma hannuna ya tsaya cak a cikin faifai. Ni dai haka Allah Ya yi ni, abin da ido ya gani yakan ɓace mini, abin da kunne ya ji kuwa yana nan daram. Wannan ƙara ta mayar da ni gidan kakana a Tudun Wada, shekarun da Turawa ke shirin tafiya, ina yarinya da ba ta fi shekara tara ba.

Kakana na wajen uba malami ne. Kowa Malam yake ce masa, har 'ya'yansa, mu jikoki ne kaɗai muke ce masa Kaka. Ya je Makka da ƙafa tun yana saurayi, ya daɗe a hanya, kuma bai cika ba da labarin ba. Kowace shekara idan azumi ya kama, yakan yi tafsiri a zaurenmu bayan la'asar. Ka san tafsiri na mutum biyu ne: akwai mai jan baƙi, wato wanda zai karanto ayar da Larabci, sannan malam ya fassara. Mai jan baƙin Kaka shi ne ƙanen mahaifina, wanda muke kira Baffa. Tun yana ɗan shekara goma sha biyar yake zama a hannun daman Kaka. Sun saba har numfashinsu ya zama ɗaya. Baffa ya san inda zai tsaya ba tare da an ɗaga masa hannu ba. Muryarsa kuwa ba mai ƙarfi ba ce, tana da ɗan kauri kamar kunun gyaɗa, tana shiga jiki a hankali. Mu mata daga bayan katangar zaure muke saurare, kakata Inna tana kaɗi, sai ka ga mazarin ya tsaya a hannunta.

To amma Baffa yana da wani abu guda da mutane ke yi masa dariya a kai. Mutumin nan jirgin sama ya shiga ransa. Sana'arsa gyaran keke ce a bakin titi, amma da ya ji ƙara a sama zai ajiye sifana ya fito. Da kunne yake gane su. Zai ce wannan mai inji biyu ne, na ɗaukar wasiƙu; wancan tsoho ne, ragowar zamanin yaƙi, ji yadda yake tari. Duk ranar da ba aiki sai ya hau keke ya tafi filin jirgi ya tsaya a bakin shinge, ko jirgi ya sauka ko bai sauka ba. A ɗakinsa akwai jirage da ya ƙera da karan dawa da gwangwanin madara, ya rataye su da zare a jikin azara, har da masu fiffike biyu, ɗaya bisa ɗaya, waɗanda ya ce an daina yin irinsu. Ni ce nake ɓare masa kara, ina raba ɓawo da totuwa.

Wata rana wani ɗalibin Kaka ya kai ƙara, ya ce Baffa yana ƙera siffar tsuntsu a gidan malami. Kaka ya sa aka kawo ɗaya, ya juya shi a hannu, ya duba ciki da baya. Ya ce, "Wannan ba shi da rai, abin da aka kwaikwaya ma ba shi da rai. Sirdi ne na sama. Ku bar shi." Na faɗa maka wannan ne don ka san Kaka ba mutum ne mai ƙin abu don kawai sabo ne ba. Sai ya auna tukuna.

A shekarun nan ne akwatin rediyo ya yawaita a unguwa. Ba irin na yanzu ba ne. Akwati ne na katako da ake jawo masa waya daga ofishinsu, a kafe shi a bango, maɓalli ɗaya gare shi, ko ka ƙara murya, ko ka rage, ko ka kashe. Abin da suka ga dama shi za ka ji: labarai, kiɗa, sanarwa. Gidanmu babu. Amma maƙwabcinmu, wani ɗan kasuwa Kirista daga gabas mai kantin sabulu da kananzir, ya sa ɗaya, kuma bangon kantinsa shi ne bangon turakar Kaka. Mutumin kirki ne. Da ya ga mutane sun fara taruwa a zaure sai ya kashe akwatinsa, ba wanda ya taɓa roƙonsa.

Son jirgin nan shi ya kai Baffa cikin akwati. Yana tsaye a bakin shinge yana jiran saukar wani jirgi, yana tilawa a hankali don rage lokaci, ashe wani ma'aikacin ofishin rediyo da ya zo tarbar baƙo yana bayansa yana ji. Ya ce suna neman wanda zai riƙa karatun Alƙur'ani kowace Juma'a da hantsi a watan azumi. Baffa ya amsa a nan take, ya ba da alkawari, bai tambayi mahaifinsa ba. Wannan shi ne kuskurensa, kuma shi ma ya sani.

Maganar karatu a akwati dama ta raba malaman gari. Na ji su da kunnena, ranar da na kai ruwan sha zaure. Wani malami daga Gyallesu ya ce rahama ce, matan da ba sa fita za su ji karatu mai kyau a ɗakunansu. Wani tsoho daga Tudun Jukun ya ce shi abin da ya dame shi, ana rufe baki daga karatu sai goge ya biyo baya a rami ɗaya. Kaka ya bari suka gama. Sannan ya ce shi damuwarsa ayar sujada ce. Akwai wurare a Alƙur'ani da idan mai karatu ya kai, sai ya tsaya ya kai goshinsa ƙasa, wanda ya zauna yana koyo a gabansa ya bi shi. Ya ce, "Akwati ba shi da goshi. An ce kuma waya ba ta jira. Ayar za ta wuce ta kan masu cinikin tattasai, ba wanda ya sunkuya, har shi mai karatun. Ni ba zan ba da muryar gidana a yi wannan da ita ba."

Da yamma ya kira Baffa. Baffa ya durƙusa ya ce, "Allah gafarta Malam, na riga na yi alkawari. In ban je ba, wanda za su ɗauka yana karya harafi."

Kaka ya ce, "To ka cika alkawarinka. Amma bakin da ya ja baƙi a akwati ba zai ja mini a zaure ba."

Iyakar abin da aka faɗa ke nan. Ba a ɗaga murya ba.

Azumin shekarar a tsakiyar bazara ya faɗo. Zafi kamar a tanda, mangwaro ya nuna yana faɗowa ba mai sha sai an sha ruwa, hadari ya haɗu da yamma ya watse ba ɗigo. Wani ɗalibi ya maye gurbin Baffa wajen jan baƙi. Yaron ya iya karatu, ba laifi, amma bai san numfashin Kaka ba. Ko ya tsaya da wuri, ko ya zarce sai an ɗaga masa hannu. Baffa kuwa ba a hana shi zuwa ba. Yakan zo ya zauna can baya wajen takalma, kansa a ƙasa, leɓɓansa suna motsi. Mahaifina ya yi ƙoƙarin sa baki, Kaka ya ce masa ya je ya ji da kasuwarsa. Inna kuwa na lura ta daina fitowa da kaɗinta bayan katanga. Baffa ya kwance jiragensa daga azara ya zuba a kwando ya tura ƙarƙashin gado. Na tambaye shi ko in ɓare kara, ya ce in bari tukuna. Jirgi ya wuce ranar, bai fito ba.

Juma'a biyu suka wuce, Kaka yana barin turakarsa da hantsi ya koma zaure don kada ya ji. Juma'a ta uku ƙafarsa ta kumbura, ciwon da ya samo tun tafiyar Makka, ya kasa tashi. Inna ta aike ni in shafa masa man shanu. Ina cikin shafawa sai muryar Baffa ta ratso bango. Maƙwabcinmu ya ƙure maɓalli, don shi a ganinsa karamci yake yi wa Malam, ɗansa ne ke karatu. Na dubi Kaka. Kunnensa ya yi nauyi a lokacin, amma ya ji. Bai ce in je in ce a kashe ba. Ya rufe ido, yatsansa yana bin karatun a kan buzu.

Can sai na ga yatsan ya tsaya, jikinsa ya ɗaure. Ni ban san me ke zuwa ba, shi ya sani. Baffa ya karanta ayar har ƙarshe. Sai akwatin ya yi shiru.

Shirun ya yi tsawo. Muka ji maƙwabcinmu yana bubbuga akwatin da tafin hannu, yana faɗa da Hausarsa cewa abin nan ya sake lalacewa. Kaka ya kama hannuna ya ce, "Ke mai kunnen gidan nan, sa kunnenki a bango. Me kike ji?"

Na manna kunne. Da farko sai huci irin na waya. Sannan na ce, "Kaka, ba lalacewa ya yi ba. Na ji ƙarar kujera an ja ta baya. Na ji motsin riga."

"Sai me?"

"Na ji kabbara, can nesa, kamar daga ƙasa."

Jim kaɗan muka ji kabbara ta biyu, wannan karon Kaka ma ya ji, kujera ta sake motsi, Baffa ya ci gaba daga inda ya tsaya. Kaka bai yi sujada ba, ina so ka san wannan, don hukuncinsa bai canja ba. Amma hawaye ya bi ta gefen idonsa ya shiga gemu, bai share ba. Ni kuma na ci gaba da shafa ƙafar, don ban san abin da ya kamata in yi ba.

Bayan an sauko daga masallaci ya aika a kira Baffa. Ina bakin ƙofa. Da ya zo, Kaka ya ce, "Mutanen rediyo ne suka ce ka tsaya?"

Baffa ya ce, "A'a, Allah gafarta Malam. Sun ce in na ga irin ayar nan a gaba in zaɓi wani wuri. Na ce karatu a jere yake, ba na tsallake. Yau da na tashi, mai kula da na'ura yana ta yi mini hannu ta gilashi."

"Da alwala?"

"Da alwala. Na tafi da buzuna."

"Me suka ce bayan ka gama?"

"Sun ce mutane za su zaci waya ta yanke. Wai mako mai zuwa kada in zo, za su duba."

Kaka ya ɗaga ido ya kalli rufin ɗaki. Sannan ya ce, "Har yanzu akwati ba shi da goshi. Amma na ga wanda ke cikinsa yana da shi. Yaron nan da ke ja mini baƙi yana wahalar da ni, ba ya jin numfashina. In an yi la'asar ka zo da wuri, sai an tallafe ni zuwa zaure."

Da la'asar Baffa ya tallafo shi, ya zaunar da shi, ya zauna a hannun damansa. Da ya buɗe baki, Inna ta ce in ɗauko mata mazarinta. Wannan shi ne tafsirin Kaka na ƙarshe. Kafin wani azumin ya rasu. Da Baffa bai ja kujerar nan baya ba, da sun rabu a haka, ɗaya a gaba ɗaya wajen takalma, kuma na san Baffa ba zai taɓa warkewa ba. Mutanen rediyo ba su sake kiransa ba, wani suka ɗauka. Akwati kuma bai shiga gidanmu ba sai bayan shekaru.

Yanzu karatu ya cika ko'ina, alhamdu lillahi, ba na cewa sharri ne. Ni da ban yi nisa a allo ba, yawancin abin da na haddace daga rediyo na ji, don haka malamin Gyallesu bai yi ƙarya ba. Amma Kaka ma bai yi ba. Rannan jikata ta sa karatu a wayarta muna tsakar gida, sai aka kira ta, ayar ta yanke a tsakiya, ta shiga hira da ƙawarta a kan ɗinki. Ban yi mata faɗa ba, yarinya ce mai hankali, haka ta tarar da duniya. Da ta gama na ce ta mayar da shi baya kaɗan, mu ji ayar ta kai ƙarshenta, sannan ta kashe. Ta yi. Ta zauna tana jira in yi magana, ni kuwa saurare nake.