Ƙuri'ar Rumfunan Dukawa

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa a kan wannan magana. Yau dai zan rubuta.

Shekarar da soja suka koma bariki, ƙaramar hukuma ta ba dukawan unguwarmu rumfuna shida kusa da Jakara. Masu nema arba'in ne. Da can sai a nannaɗe sunaye a zuba cikin hula, amma wannan karon kowa na zargin kowa. Ni lokacin masinja ne a wata makarantar koyon kwamfuta a Gwammaja. Karatuna firamare ne, sai ɗan abin da na tsinta a bakin aji.

Mai unguwa ya ce da ni, "Malam, yi mana da injin nan naku. Shi ai ba shi da ɗan'uwa."

Wani dattijo ya ce, "Ranka ya daɗe, a dai bincika ko ya ci goron wani." Aka yi dariya.

Na rubuta layi biyar da za su sa kwamfuta ta zaɓo lambobi shida cikin arba'in. Na gwada sau ɗaya, suka fito, na kashe. Sannan na jera sunaye, na ba kowa lamba. Takardar ta yi datti, sai na sake kwafewa. A nan ne ƙanin matata, wanda shi ma yana cikin masu nema, ya koma ashirin da tara, lambar da a takardar farko ta wani mai ɗinkin takalma ce.

Ranar ƙuri'a, a gaban jama'a, lambobin gwajin nan ne suka sake fitowa, har da ashirin da tara. Ƙanin matata ya samu rumfa. Aka shafa fatiha ban buɗe baki ba.

Daga baya malamin ajin ya ce akwai layi guda da ake sawa a farko don kwamfuta ta riƙa sauya lambobi. In babu shi, kullum abu ɗaya za ta maimaita. "Kowane ɗan koyo na yin haka," in ji shi.

Har yau ban sani ba ko hannuna ya tuna lambar sa'ad da nake kwafewa. Malaman addini sun ce in nemi yafewar mai haƙƙi. Mai ɗinkin takalman kuwa ya kwashe kayansa bayan damina, aka ce ya koma wajen Ƙofar Dawanau. Na je sau uku, ba wanda ya san shi.

Dogo ne, yana ɗan ɗingishi da ƙafar hagu. Duk wanda ya san inda yake, ko inda 'ya'yansa suke in ya rasu, don Allah ya sanar da ni.