Mutum Ɗaya Yana Kallo

Kusan duk shekarunsa na aiki a bayan taga ya yi su, a ofishin da ake karɓar fom na gwamnati, na takardar haihuwa da na fansho da na lasisin shago. Mai Biro ake ce masa, don aljihun rigarsa ba ya rabuwa da birukan aro, kuma rabinsu ba sa dawowa. Surutu kuwa Allah ya ba shi. Tsohuwa za ta miƙo fom a cike mata, kafin a kai wurin sa hannu ya san labarin ciwon gwiwarta da na jikanta da ya ƙi makaranta. Na bayan layi su yi ta tsaki, shi ko a jikinsa.

A gida babu wanda zai yi wa surutun. Matarsa ta rasu, 'yarsu ɗaya tilo tana aure a gari mai nisa, takan bugo waya ranar hutu ta tambaye shi ko ya sha magani. Ɗakuna biyu ne da shi da rediyo, sai kujerar marigayiya da ya ƙi matsar da ita daga bakin ƙofa. Duk maganar da ta taru masa a baki, taga yake kai wa.

Sai aka rufe tagogin. An ce za a gina shafi a intanet inda kowa zai cike fom daga wayarsa, ba layi ba rana. Aka kwashe abokan aikinsa aka watsa su wasu ofisoshi, shi kuma aka hau da shi bene wurin masu gina shafin, wai ya san inda mutane suke tuntuɓe a fom. Matasa ne masu kirki, suna ce masa Baba, suna ba shi kujera mai laushi. Amma kowa kunnensa a toshe yake da abin sauraro, idonsa a kan kwamfuta. Idan ya fara labari sai su zare kunne ɗaya don ladabi, shi kuma ya ji kunya ya taƙaita.

Shugabar aikin, wadda kowa ke ce wa Madam, tana da tsari guda da ba ta wasa da shi: komai a fili. Ta ce kuɗin jama'a ne, don haka duk mako sai a fito kai tsaye a intanet a faɗa wa jama'a abin da aka gama, da abin da ya lalace, da abin da aka kasa. Matasan suka yi ta noƙewa, kowa yana tsoron kyamara. Madam ta dubi Mai Biro.

"Baba, kai da ba ka gajiya da magana, ko za ka taimake mu?"

Aka share tsohon ɗakin ajiyar fayil, aka sa tebur da kyamara da makirufo. Injiniyar sauti, wata mai tsohon ciki da ba ta da yawan magana, ita ke jona masa wayoyi ta koma ɗakin da ke gefe ta ja ƙofa. A kusurwar kwamfutarsa akwai wata 'yar lamba da ke nuna yawan masu kallo. Makon farko an taru, har da 'yan jarida. Daga nan lambar ta yi ta zubewa, don wa zai bar harkar gabansa ya zauna jin an gyara wurin rubuta ranar haihuwa? A ƙarshe ta tsaya a kan ɗaya, kuma ba ta sake sauka ba.

Wannan ɗayan ya shiga ran Mai Biro. Ba ya rubuta tambaya, ba ya gaisuwa, amma kafin a fara yana nan, kuma sai an rufe yake tafiya. Mai Biro ya koma goge rigarsa tun ana gobe shiri. Ya daina karanto bayani daga takarda, ya koma hira. "Ka ga makon nan," yakan ce, "fom ɗin fansho ya ba mu kunya. Mutum ya sha wahala ya cike, ya danna aika, komai ya goge. Ba mu gano dalili ba tukuna, ba zan yi maka ƙarya ba." Wani lokaci yakan ɗauka tsohon malamin makaranta ne mai jiran fansho, wani lokaci kuma wata mai shago da ta jingina waya da gwangwani tana awo tana saurare. Ranar da ruwa ya yi ɓarna a gari har sai da ya tambayi mai kallon ko rufinsa bai yi yoyo ba.

Da Madam ta ga yadda lambar take, ta ce a taro gara a daina, a riƙa liƙa bayanin a rubuce kawai. Mai Biro ya ɗaga hannu.

"Madam, akwai mutum ɗaya. Bai taɓa fashi ba. A taga ko mutum ɗaya ne ya rage a layi ba ma rufewa."

Ta yi murmushi. "To, Baba. Muddin mutuminka yana zuwa, za mu ci gaba. Ranar da ya daina, mu ma mun daina."

Injiniyar sauti ba ta wurin taron, ta je awo asibiti. Ba a jima ba ta tafi hutun haihuwa, ta bar masa komai a jone, maɓalli ɗaya kawai zai danna. Makon da ta tafi, da ya zauna, lambar ta nuna sifili. Ya yi ta jan gaisuwa ko mutumin zai shigo a makare, bai shigo ba. Mai Biro ya koma gida, ya kasa cin abin kirki. Tsoro yake ji, ba na rufe shirin kaɗai ba. Mutum mai zuwa kullum ba ya ɗaukewa haka kawai sai da dalili, kuma shi ba shi da suna ko lambar da zai bi ya duba shi. Mako na biyu ma sifili. Madam ba ta rufe shirin ba, amma ya ga ta leƙa lambar.

Da labari ya zo cewa injiniyar ta sauka lafiya, ya buga mata waya ya yi mata barka. Suka taɓa hira, jaririn yana ta tsala kuka a kusa da ita.

"Baba, ya sautin yake fita kuwa? Na manta ban ce wa kowa ya riƙa kunna kwamfutar gwaji ba."

"Wace kwamfuta ke nan, 'yata?"

"Ta ɗakin gefe mana. Da ita nake shiga shirin kamar mai kallo, in ji ko muryarka tana fita. Da na ji daidai sai in rage sautin in ci gaba da aikina."

Mai Biro ya ce sauti lafiya lau, Allah ya raya, ya ajiye wayar. Ya daɗe zaune a bakin gado. Abin da ya fi yi masa ciwo shi ne ita ɗin ma ba ta saurare.

Ranar shiri ya riga kowa zuwa ofis, rigarsa a goge. Ya tura ƙofar ɗakin gefe. Kwamfutar tana kan tebur, ƙura ta fara hawa murfinta. Ya share ta da hannun riga, ya kunna, ya lalubo shafin da kyar ya shiga, ya ja ƙofar a hankali. Da lokaci ya yi ya zauna a gaban kyamara. Madam ta leƙo, ta duba kusurwar kwamfutarsa.

"A'a, Baba, mutuminka ya dawo?"

"Ya dawo," in ji shi, bai ɗago ya dube ta ba.

Ta ja masa ƙofa. Ya gyara makirufo, ya yi gyaran murya.

"Sannu da zuwa," ya ce. "Kwana biyu. Bari in faɗa maka abin da ya lalace mana a makon nan."